Yadda Za Ki Ɗauki Hoton 'Yar Farinki Ba Tare da An Ce Kin Zubar da Kunya Ba

Ke da kike da waya mai hoto, kike kuma da 'yar fari wadda tun ranar suna bakinki bai taɓa furta sunanta ba, matso kusa. Matakai bakwai ne. In kika bi su daki-daki, na yi miki alkawarin za ki mallaki hoton fuskarta kafin kasuwa ta zagayo, kuma babu tsohuwar da za ta tafa hannu ta yi salati a kanki. An gwada dabarar a Urafane, a kan Furera mai nono, ta kuma ci. Abin da ta ci ɗin ne dai har yau mata ke gardama a kai.

1. Ki shiga gurup, don ki sami abin fakewa

Mace mai mutunci ba ta ɗaga waya haka kawai ta auna mutum. Sai da dalili, dalilin kuma ya zama na wani ne, ba naki ba.

Dalilin Furera shi ne Madam Kausar, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, wadda ta buɗe gurup a WhatsApp mai suna Hoton Yau. Mata arba'in da 'yan kai ne a ciki, daga Tasawa har Mayahi da Attantane. Kullum da safe Madam za ta turo kalma ɗaya, tem take ce mata, kowa kuma ta ɗauko hoton da ya dace da kalmar kafin kiran magariba. Wadda ta tsallake rana ɗaya, a maida ita kwana na ɗaya ko da ta kai tamanin. Wadda ta cika ɗari ba fashi, a sa hoton da ta turo ranar a goshin gurup wata guda. Ba atamfa, ba sabulu, amma da kin ga yadda matan nan ke hawa jigawa neman reso, wato sabis na waya, sai ki rantse kujerar Makka ake rabawa.

Furera ta kai kwana casa'in da uku, babu wadda ta taɓa zuwa nan. Wayarta cike take da ƙore da faya-fayi, da jar saniyarta ta gaba da ta baya, da ƙananan 'ya'yanta huɗu har da mai majina. Mutum ɗaya ce babu a ciki, Zubaida, 'yar farinta. Tun yaye uwar mijinta, Inna Barira, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, kamar yadda aka saba. Gida ɗaya suke, amma yarinyar Adda take ce wa Furera, kamar wata yayarta, ita kuwa Furera in ta kama dole sai ta ce "ke" ko "ta ɗakin Inna".

To, ta ɗakin Inna ta ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, an ɗauke ta karatun ungozoma a Damagaram. Motar ranar kasuwa za ta bi, saura kwana bakwai.

2. Ki musanta komai, har a gaban ƙwarya

Ranar da labari ya zo, gida ya ɗauki guɗa. Furera tana kaɗa nono, ba ta ɗago ba, ta ce Allah ya ba da sa'a, kuma duk wanda ke wurin zai shaida ƙwaryar take wa addu'a. Haka ake so. Ki koya.

Sai dai ki yi hattara da bayan rumbu, nan dabara ke lalacewa. Furera ta zagaya can ita kaɗai, ta rufe ido don ta ga fuskar yarinyar a zuci, sai ta ga gefen kunne, da ƙeya, da bakin kallabi. Shekara goma sha tara tana kallonta da wutsiyar ido. Ta tarar ta fi sanin fuskar saniyarta, abin kuma ya yi mata ciwo ƙwarai, ta tsorata kada yarinya ta tafi ta bar ta da ƙeya. A nan ta ƙudura sai ta sami hoton, ba tare da kowa ya san ta nema ba.

3. Ki fara daga ƙasa

Ba a hawa itace ta ganye. Fuska tana can sama inda idon jama'a yake, ke ki soma da inda ba mai kallo.

Washegari Madam ta turo "inuwa". Furera ta jira hantsi, Zubaida na daka a tsakar gida, ta yi kamar tana duba ko kaza ta yi ƙwai, ta ɗauki inuwar yarinyar a ƙasa, taɓarya a sama. Kashegari aka ce "tafiya", ta ɗauki takalman roba shuɗɗa a ƙofar ɗakin Inna. Hotuna ne masu kyau, ba ƙarya.

Kowane gurup yana da Halimarsa. Ta wannan tana Mayahi, tana sayar da ƙosai, tana kwana na sittin da ɗaya, kuma ta ƙi jinin a riga ta. Ita ta turo murya tana tambaya, cikin ladabin da ya fi zagi, wai inuwar wace ce wannan, takalman kuma ai kamar ƙafar inuwar jiya. Furera ta amsa cewa wata yarinya ce a gidansu. Ki riƙe wannan amsa da kyau. Gaskiya ce tsantsa, ba ta kuma faɗi komai ba.

4. Kada ki yarda da ruwa, kada ki yarda da zana

Wasu za su ce miki ki ɗauki fuskar a cikin ruwa, wai hoton ruwa ba kallon mutum ba ne. A fatawa haka ne. A aikace, akwai awaki.

Ranar da aka ce "ruwa", Furera ta bi bayan Zubaida zuwa rijiya da hujjar wanke ƙore. Yarinya ta sunkuya kan bokiti, fuska ta fito tar a ciki, Furera ta miƙo waya ta saman kafaɗarta tana kallon gabas don kada a ce. Kafin yatsa ya sauka, wata akuya ta tsoma baki. Abin da ya fito hancin akuya ne da ido ɗaya, ga magariba ta matso, dole shi ta tura. Babu hoton da ya taɓa samun yabo a gurup kamarsa. Madam har ta ce a nan ake gane mai ido, Furera kuwa ta kwana da haushin akuyar.

Zana ta fi ruwa haɗari. Kwana ɗaya bayan akuya, Furera ta durƙusa bayan zanar ɗakin Inna, ta daidaita idon waya da wata 'yar kafa, Zubaida na ciki tana ninke kaya. Sai ta ji tari a bayanta. Inna Barira ce, da buta a hannu.

"Mi kike nema nan, Furera?"

Ta ce zanar take ɗauka, saƙarta ta burge ta. Tsohuwa ta dubi zanar, wadda gara ta ci rabinta tun bara, ta ce lalle a gaida mai saƙa, ta wuce. Tem ɗin ranar "kyau" ne, kuma ruɓaɓɓiyar zana Furera ta tura.

5. Miji ba abokin shawara ba ne

Kina iya cewa ai shi ma ɗiyarsa ce. Shi ya sa.

Furera ta sami mijinta Mahaman yana gyaran igiyar maraƙi, ta kewaya ta kewaya, ta ce mutane in za su yi nisa akan so a ajiye wani abu nasu. Ya ce haka ne, ya kuma tuna akwai saniyar da ke ɗingishi. Garin saurin tashi hularsa ta faɗi, wani ɗan hoto kamar tambarin wasiƙa ya fito daga ninkinta. Irin na dosiye ne, na takardun makaranta, wanda aka yi wa Zubaida don jarrabawa. Mutumin da ko "ke" ba ya iya ce wa yarinyar, sai dai ya yi gyaran murya, ashe wata huɗu yana yawo da ita a ka.

Ya ce tsintarsa ya yi, yana neman mai shi. Ta ce ya kawo ta taya shi nema. Ya ce a'a, amana ce, ya maida hula ya bi shanu da saurin da bai yi ba tun yana saurayi. Ko leƙawa bai bar ta ta yi ba. Ta ji haushi, ta kuma ji daɗi, don ta gane ba ita kaɗai ke da ciwon ba.

6. Ki bar doka ta tilasta miki

In kin lissafa, kin san ranar kasuwa ita ce kwana na ɗari. Furera ta tashi da hotuna shida na banza, ga akwati an ɗaure. Ta ɗora ƙore a ka, ta hau jigawa ta buɗe waya. Tem ɗin ranar kalma biyu ne: ɗan fari.

Gurup ya kama da wuta. Wata ta ce boko ya gama da Madam. Wata daga Attantane ta ce ita gara a maida ta ɗaya sau goma. Halima ta ce nata ɗan farin yana Agadas, don haka a canza, ba adalci. Madam ta bari suka gaji, sannan ta ce doka doka ce, kuma ba ita ta zaɓa ba, wata tsohuwar ɗalibarta ce ta roƙe ta, ba za ta faɗi suna ba.

Furera ta tsaya da ƙore a ka. A Tasawa Zubaida ta yi lakwal, a ajin Madam Kausar. Biri ya yi kama da mutum. Wato duk laɓe-laɓen nan na mako guda, yarinyar tana gani, ta yi shiru don kada ta kunyata ta.

7. Ki kalli waya, ba ita ba

A bakin kasuwa ana ɗaure buhunan wake a saman mota, direba na kiran saura mutum biyu. Inna Barira ta riƙe hannun jikarta tana jero nasiha. Mahaman ya tsaya can wajen turken awaki yana taya wani ciniki da ba a gayyace shi ba. Furera na zaune gaban ƙorenta, taku goma daga motar, tana gyara faifan da ba abin da ya same shi.

Zubaida ce ta tako, ta tsaya a gabanta, ta gyara mayafi.

"Adda, an ce yau ɗan fari a ka so. Ko za ki bari ta Mayahi ta yi maki dariya?"

Furera ta sanar da masu sayen nono, da mai gishiri na kusa, da duk wanda bai tambaya ba, cewa dokar gurup ce, ita ba ruwanta. Sannan ta saci kallon Inna Barira. Tsohuwar ta juya baya, ta kama faɗa da mai gishiri wai mudunsa ya lotse, ita da ba ta zo sayen gishiri ba.

Ga asirin duka, ki buɗe kunne. Wadda ke kallon gilashin waya ba 'yarta take kallo ba, waya take kallo, kuma babu al'adar da ta hana kallon waya. Furera ta ɗaga ta da hannu biyu. Fuska ta cika gilashin, gaba-gaɗi, tana murmushi. Ashe tana da wushirya. Ashe girarta ta mahaifiyar Furera ce, wadda ta rasu yarinyar na goye. Furera ta daɗe ba ta danna ba, har direba ya yi oda sau biyu, ita kuwa Zubaida ba ta motsa ba, ba ta ce a yi sauri ba.

Ta danna. Ta ce wa wayar Allah ya kiyaye hanya, a riƙa cin abinci. Wayar ba ta amsa ba, Zubaida ce ta ce amin, Adda.

8. Wanda ban so faɗa ba

Na ce bakwai, na sani. Na takwas Furera ce ta ƙara, ni ban ba da shawararsa ba.

Mota ta tafi, kasuwa ta watse, ga hoto mai kyau a hannu, ga reso cike a bakin kasuwa, ga kwana ɗari saura dannawa ɗaya. Ta buɗe gurup, ta tuna wata guda fuskar nan za ta yi a goshinsa, mata arba'in na buɗewa suna rufewa, Halima na auna hanci da baki. Ta rufe. Rana ta yi ja, Madam ta turo mata murya ita kaɗai, tana cewa saura kaɗan a kira salla, ko waya ce ta lalace?

Furera ta danna ta yi magana.

"Madam, waya lahiya lau. Na ɗauka, ya kuma yi kyau. Ki maida ni ɗaya. Wanga ba na gurup ba ne."

Sharaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. In uwar mijinki ba ta iya faɗa da mai gishiri a kan lokaci ba, tsakaninku. In kwana casa'in da tara suka zube, Halimar gurup ɗinku ta yi mako tana guɗa, kada ki nemo ni, hoto na yi miki alkawari, ban ce za ki ci gasa ba. In masu sayen nono suka tarar da ke kin sunkuya kan waya ido ya yi ja, ki ce hayaƙin masu tsire ne, kada ki ambaci sunana. Furera dai yau tana kwana na huɗu, ta tura hoton tsintsiya. Mai sharjin waya na bakin kasuwa kuma ya ce bai san abin da ya sami batirinta ba, da sau ɗaya take kawowa a kwana biyu, yanzu kullum sau biyu.