Yadda Za Ka Zaga Gidajen Giya Uku a Guangzhou Ka Dawo da Alwalarka

Idan lawban ɗinka na unguwar Xintang a ƙasar Sin, wato maigidan da ke ɗinka maka wandunan jins, ya gayyace ka yawon ɗanɗana giya, kada cikinka ya ɗuri ruwa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ɗigo ba zai wuce maƙogwaronka ba, ciniki kuma ba zai ɓaci ba. Na gwada su a kan abokina Kallamu ɗan kasuwar Kwari, kuma har yau yana nan da ransa.

1. Amsa da fara'a

Wata uku Kallamu yana lallaɓar Lawban Liyan ya ɗinka masa kayan salla kafin na kowa. Da gayyata ta zo, cewa ya yi, "Hawo, hawo," wato to madalla. Kai ma haka za ka yi. Mai neman gaban layi ba ya wa'azi.

2. Sauya kama

Bar hularka a ɗaki. Kada ka kuskura ka shiga jirgin ƙasa a tashar Xiaobei, nan ne matattarar 'yan kasuwarmu, nan idon garinku yake. Kallamu ya sa takunkumi da baƙin tabarau, duk da haka Tankari mutumin Maradi, mai ofishin aika kaya, ya hango shi.

"Kallamu, ina za ka da wagga shiga?"

"Asibiti."

"Allah shi ba da lahiya."

Ka ga har addu'a ya samu kyauta.

3. Yabi tukwane

A gidan farko za a nuna maka manyan tukwanen ƙarfe masu sheƙi. Yi ta tambaya. Nawa aka sayo? Wa ke wankewa? Bakin da ke tambaya ba ya sha.

4. Nemi fure

Za a jera maka ƙananan kofuna a kan katako. Ɗaga ɗaya ka duba ta haske, ka kai hanci amma ka ɗauke numfashi, ka gyaɗa kai kamar likita. Da lawban ya ce "Gambe!", wato a shanye duka, ya ɗaga kai sama, juye naka a tukunyar fure. Fure ba ya kai rahoto Kano.

5. In babu fure, akwai lema

Gida na biyu da na uku ko ciyawa babu. Kallamu ya soke lemarsa a naɗe tsakanin ƙafafu, ya yi ta ɗura mata, kofi takwas cif. Abin da bai lissafa ba shi ne saman Guangzhou. Suna fitowa ruwa ya kece, shi kuma ya manta da abin da ke ciki, ya buɗe lema a kansa.

6. In asiri ya tonu, yi salati

Kallamu ya tsaya tsamo-tsamo yana "Innalillahi, najasa har cikin kunne!" Liyan ya dube shi, ya dubi lemar, dariya ta sa shi zama a kan dakali.

"Shekara goma sha biyu ina ciniki da Kanawa," in ji shi. "Shayi mai sanyi na sa aka zuba maka tun farko."

"To, lawban, me ya sa ka gayyace ni?"

"Matata ce ta ce ba inda za ni sai da wanda ba ya sha."

Kallamu ya lashi leɓe. Shayi ne, har da zuma. Ranar Litinin aka fara yanka kayansa.

Gargaɗi

Ni dai ban aiki kowa ba. Ba kowane lawban ne Liyan ba, ba kowane kofi ne shayi ba. Idan fure ya bushe, ko lema ta yi wari, ko hotonka ya riga ka isa wayar surukinka, ka nemi malaminku ku daidaita. Aka tambaye ni, zan ce ranar ina kasuwar Shahe ina taya riguna.