Ranar da Na Ba Gwaggo Asabe Wa'adi

Ba zan taɓa mantawa da ɗaukar amaryar abokina Garba ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin ana gab da samun mulkin kai, ni kuma sabon akawu a Tudun Wada, kullum kunnena a jikin rediyo ina bin rigimar Amurka da Rasha. Har na fara jin in Bature ya tafi, ni za a danƙa wa harkokin waje. (Ko Kaduna ban taɓa kwana ba.)

Ni ne babban abokin ango. Muka yi hayar mota, muka nufi gidan su amarya a Gyallesu bayan la'asar. Gwaggo Asabe, wadda ta riƙi amarya, ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure ta miƙe ƙafa.

"Ba inda yarinyar nan za ta."

Muka miƙa goro, ta ture. Muka durƙusa, ta kau da kai. Mutanen unguwa sai taruwa suke suna kewaya motar. Ƙanwar Garba ta raɗa mini, "Yaya, haƙuri za ka yi, haka ake yi." Ni kuwa na sani daga rediyo, babbar ƙasa ba a lallashinta, wa'adi ake ba ta.

Na gyara kwat ɗina, na ce, "Gwaggo, in ba a fito da ita yanzu ba, motar nan ta tafi."

"Iye? Ɗan nan, da ni kake?"

Na ɗaga wa direba hannu ya ɗan ja gaba, barazana kawai. (Ban gaya masa barazana ce ba.) Bawan Allah ya ja, ya sha kwana, ya wuce Kwangila neman fasinja abinsa.

Gwaggo ta miƙe zumbur. "Motar farko da ta taɓa tsayawa a ƙofar gidana! Na aika cikin birni 'yan'uwana su zo su gani, ko isowa ba su yi ba!"

Ashe abin da take so ke nan, motar ta daɗe a wurin. Ni ko tambaya ban yi ba.

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, tunda ka kori mota, kai ne mota."

Haka aka fito da amarya, aka ɗora mini akwatinta a ka, ina cikin kwat ɗina da komai, muka taka a ƙasa har Tudun Wada. Mata na guɗa a baya, Garba da ya taro mu a hanya ya ƙi kallona, Gwaggo kuma jifa-jifa sai ta ce, "Direba, rage gudu, akwai tsofaffi a ciki."

Tun ranar, kafin in yi wa wata babbar ƙasa barazana sai na binciki abin da take so tukuna. Kuma in sanar da direba.