Gwaggo Ta Tafi a Kan Harafi Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tashin zuciyar da har yanzu bai sake ni ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Laraba da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma, a kan teburina, tana da shekara tara a duniya, bayan jinyar kwana shida.

Yayana ne ya ba ni ita ranar da na shiga jami'a. Shi ya buɗe mini shafina a cikinta, ya raɗa masa suna Ƙanwata. Sai da ya nemo ƙ mai lanƙwasa ya saka, don a cewarsa ba zai kira ni kanwa ba, ni ba ta zubawa a tukunya ba ce. A ƙarƙashin wannan suna duk foldodina suke zaune.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Batirinta minti goma sha ɗaya yake yi, amma ba ta taɓa mutuwa ina tsakiyar gabatar da aiki ba. An kira ta Gwaggo ne saboda ba ta yin komai sai ta yi ajiyar zuciya. Ka taɓa ta, ta ce fuuuu, ta yi shiru kamar tana tuna wanda ya ɓata mata rai, sannan ta buɗe.

Ciwon ajalinta ya fara ne a sabon wurin aikina. Mu uku aka ɗauka gwaji, mutum ɗaya za a riƙe. Oga ya ce kafin Alhamis kowa ya saka manhajar harhaɗa aiki a kwamfutarsa, ya nuna tana tafiya. Aikin manhajar mai sauƙi ne a baki: ka ba ta umarni ɗaya, ta kwaso duk abin da aikin yake buƙata daga intanet, ta haɗa, ta gwada, ta fito da koren rubutu alamar an gama. Takardar jagora ta ce minti biyar ya isa. Ban san wanda ya rubuta takardar ba, amma na bar shi da Allah.

Rana ta farko Gwaggo ta ce ba ta san umarnin ba. Na gyara. Rana ta biyu aka ce abin da na saka tsohon yayi ne. Na saka sabo, aka ce ya yi sabo da yawa. Rana ta uku jan rubutu ya cika fuskarta, layi bisa layi, duk maganar ɗaya ce: ba a ga hanyar folda ba. Na lura harafin farko na Ƙanwata ya koma alamar tambaya a cikin layin, na ɗauka kwalliya ce ta lalace, na wuce.

Na shiga intanet neman magani. Na iske wani bawan Allah ya yi irin tambayata shekara bakwai da suka wuce, ya dawo bayan kwana biyu ya rubuta wai ya gyara, ya gode. Bai faɗi yadda ya yi ba. Duk inda yake, ina fatan shayinsa ya riƙa hucewa kafin ya kai baki.

Babban ma'aikacin da muke kira Injiniya taku biyu ne tsakanina da shi. Na ji lokacin da ɗaya daga cikin abokan gwajina ya tambaye shi, ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba, wai a wajensa dai tana aiki. Sau uku na haddace tambayata na miƙe, sau uku ƙafata ta kai ni wurin shan ruwa. Don haka na koma ga abin da ba ya buƙatar buɗe baki: in goge komai, in sake saukewa. Sau goma sha huɗu Gwaggo ta jawo ɗaruruwan fayil a kan fanka ɗaya da ta tsufa.

A karo na ƙarshe fuuuu ɗinta ya koma giiiir, sannan ƙit, ƙit, ƙit. Wani ƙauri ya tashi kamar gashi ya faɗa wuta. Fuskarta ta yi baƙi.

Mai gyara ya buɗe cikinta a gaban mutane huɗu. Ƙura ta dunƙule a bakin fankar kamar tsohon bargo, ga ɓurɓushin biskit, ga gashina, ga busasshen kyankyaso kwance da jakar ƙwansa. Ya ɗago shi da hantsaki ya zagaya da shi don kowa ya gani, sannan ya ce allon ciki ya ƙone, sai haƙuri. Shekara nawa nake ɗora wannan a kan cinyata ina cin abinci, ban sani ba.

Ranar Alhamis na tsaya gaban Oga hannu wofi, na nuna masa hoton jan rubutun a wayata. Injiniya ya leƙo ta kafaɗarsa. Ko daƙiƙa biyar bai yi ba ya kwashe da dariya. Manhajar, in ji shi, ba ta san ƙ ba. Da ta iso harafin take ɓacewa. Da na matsar da aikin zuwa folda mai suna marar lanƙwasa, da an gama tun ranar Asabar. Oga ya ara mini kwamfutar ofis, wadda maɓallanta ke danƙo da maiƙon yatsun mutanen da ban sani ba. Cikin minti huɗu koren rubutu ya fito. Ni aka riƙe. Ban yi murna ba, hannu na je na wanke.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da linzamin kwamfuta mai tafiya inda ya ga dama, da jaka marar zif. Ta bar Yayana, wanda ya ce har gobe ƙ ɗinsa daidai take, masu manhajar ne ba su yi karatu ba. Ta bar ni.

Za a kai gawar shagon mai gyara ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, inda za a raba gilashinta da maɓallanta ga mabuƙata. Rumbun ajiyarta zai dawo gida, ba za a taɓa sunan kowace folda ba. Ana karɓar gaisuwa a teburina, kusa da injin buga takardu, daga Litinin. Ana roƙon masu zuwa kada wanda ya ce ai da kin tambaya. Injiniya ya riga ya faɗa sau huɗu, ya wakilci kowa.