Kadon Kwatano

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zubar da mutuncina a ruwan ƙasar waje ba, kuma da bakina na jawo wa kaina.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, Baba ya ce hutun nan za mu je Kwatano wajen Kawu Sale, yayan Mama. Kafin a rufe makaranta babu wanda bai ji a Agege ba cewa ni za ni ƙasar waje. Wace ƙasa? Ban faɗa ba. Wata ƙawata ta tambaya ko a jirgi za mu tafi, na yi mata wani murmushin raini na wuce. (Jirgin namu wata tsohuwar tasi ce, mu shida a ciki, da buhun garin rogo a kan cinyata har bakin iyaka.)

A gidan Kawu na tarar da 'yarsa Rakiya, sa'ata. Tun daga gaisuwa na raina ta. Makaranta sai ta ce lakwal, Turanci kuwa ko "kam" ba ta sani ba. Ni kuma 'yar Legas, ga Turanci ga Yarbanci, ina tafiya ina ɗaga hanci kamar ni na gina gadar Eko. Duk abin da ta nuna mini sai in taɓe baki in ce namu ya fi.

Rana ta uku Kawu ya ce zai kai mu mu ga wani gari da aka gina a kan ruwa, gidaje a bisa turaku, kasuwa a cikin kwale-kwale. Na ci leshina na Sallah, na rataya 'yar jaka. Da muka shiga kwale-kwalen, Rakiya ta matso kusa da ni.

"Bari in gaya miki, in mun kusa isa za ki ga yara sun taso suna..."

"Ke, riƙe bayaninki," na katse ta. "Mu da muke da teku a Legas, wannan ɗan kududdufin za ki koya mini?"

(Gaskiyar magana, ban taɓa shiga kwale-kwale ba. Babban ruwan da na sani shi ne kwatar layinmu in ta cika da damina.)

To, a gidanmu kakata Basakkwata ce, kuma a bakinta kada sunansa kado. Da tatsuniyoyin kado ta rene mu, yadda yake laɓewa ya fizge yarinya mai rashin kunya. Ni kuwa na san matsayina a wannan layin.

Muna dosar gidajen sai ga yara a ƙananan jirage sun yo kanmu, suna tuƙi da sauri, hannuwa a miƙe wajena, suna ihu: "Kado! Kado! Madam, kado!"

Jama'a, ban tsaya duba ba. Na miƙe zumbur na ƙwalla ƙara, "Wayyo Allah, Baba, kado!" Hausa ta ƙare na koma Yarbanci, "E gba mi o!" Na shaƙo wuyan mai tuƙi, kwale-kwale ya karkata, Mama ta yi salati, sai ji kake tsundum. Ni ce a ruwa, da leshi da jaka.

Ina ta bugun ruwa ina kalmar shahada, ina jiran haƙora su kama ƙafata. Mai tuƙin ya leƙo ya faɗi wata magana da Faransanci. Rakiya, wadda na hana yin bayani, ita ta fassara, a natse:

"Ya ce ki miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iyakarsa ƙirjina.

"Kado kyauta ce da Faransanci," in ji ta. "Alawa suke roƙo. Abin da na so in gaya miki ke nan."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Yaran ma sun daina roƙo, sun samu abin kallo kyauta. Aka jawo ni ciki ina ɗigar ruwa, takalmi ɗaya ya zauna a laka. Baba bai yi dariya ba, abin da ya yi ya fi dariya ciwo. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sannu 'yar teku." Na ji kunya kamar in koma ruwan in zauna.

A hanyar dawowa na roƙi kowa ya rufa mini asiri, kowa ya ce to. Amma Mama ta gaya wa maƙwabciyarmu Iya Basira, wai don ta taya ta jajen tsoron da ta ji, kuma gaya wa Iya Basira magana daidai yake da shelar masallaci. Ranar da aka koma makaranta, na shiga aji da shirin ba da labarin ƙasar waje, sai na ji daga bayan aji an ce, "Madam, kado!" Ajin ya ɗauka gaba ɗaya.

Yau ina da 'ya'ya uku, amma a Agege har gobe Anti Kado ake ce mini. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ni dai tun daga ranar, ko yaro ne ya ce "bari in gaya miki", sai in ja bakina in yi shiru har ya kai aya.