Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Ɗakin Haya Baƙin Kirsimeti Su Ruɗe

Disamba ta kama, 'yan Legas za su dawo gida biki, masaukan Kafanchan duk sun cika. Kai kuma ga ɗaki biyu a bayan gida, kaji ke kwana ciki kyauta. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci baƙo zai kama ɗakinka tun bai gan shi ba. Hoto kawai zai gani. Baba Rufus, tsohon ma'aikacin reluwe kuma dattijo a cocinsu, ya bi su a gabana a 1992, baƙi kuwa sun zo.

1. Kwashe kaya

Fitar da buhunan citta, ka kori kaji. Kada ka wahalar da kanka da wanke daɓe. Wari ba ya fita a hoto.

2. Tafi aro

Ɗakin da ba kushin ba ɗaki ba ne. Baba Rufus ya aro kujeru wajen Malama Hellen, hedimastar firamare, ya ce mata baƙin fasto za su zo. Firji kuma daga mai kemis. Ko wayar lantarki ba a ja zuwa ɗakin ba, amma firji a kashe da firji a kunne kamarsu ɗaya. Ana gama ɗauka ka mayar wa kowa kayansa.

3. Sa mai hoto ya durƙusa

Daga ƙasa akurki ma falo ne. Eli mai hoto ya kwanta rub da ciki a kusurwa har wandonsa ya yage. Inda bango ya tsage, rataya kalanda. In tsagar ta fi kalanda tsawo, tsayar da matarka a wurin, ta yi murmushi.

4. Gaban gida

In naka bai yi ba, ai akwai na maƙwabci. Baba Rufus ya saka kwat ɗinsa ta Lahadi, ya tsaya a ƙofar Alhaji Mijinyawa dillalin citta, gidan bulo mai shuɗin fenti da furanni, ya dafa get kamar shi ya gina.

Matarsa Magdalene ta ce, "Baban yara, wannan ba ƙarya ba?"

Ya ce, "Na rubuta gidana ne? Tsayuwa kawai na yi."

5. Ban ɗaki

Kada ka ɗauka. Mai mutunci ba ya nuna wa baƙo salga.

6. Zaɓe da aikawa

Duk hoton da wutsiyar akuya ta leƙo ciki, yaga shi. Baba Rufus ya ba direban Legas guda uku, aka kai wa Leonard, ma'aikacin banki ɗan Fadan Kaje, wanda ke neman inda zai sauke surukansa da za su zo ɗaurin aurensa. Surukan masu hali ne, tun farko ma ba su so auren ba. Leonard ya nuna wa uwar amarya hotunan, ta ce yaron nan ashe ya san abin da yake yi.

7. Ranar zuwa, kada ka bar gida

Nan Baba Rufus ya yi sake. Ya tafi tasha taryensu, su kuwa da motarsu suka zo. Suka bi layi da hoto a hannu har shuɗin gida, suka ƙwanƙwasa. Alhaji ya dubi hoton, ya dubi gidansa, ya dubi Leonard da zufa ta fara karyo masa, sai ya ce, "Sannunku da hanya, ku shigo."

Da Baba Rufus ya dawo, ya tarar da baƙinsa a falon Alhaji suna shan lemo mai sanyi. Alhaji ya ja shi gefe.

"Rufus, yaron nan in tsohuwar nan ta ga akurkinka, aurensa ya mutu. Za su zauna a nan."

"Na gode, Alhaji, Ubangiji ya..."

"Tsaya. Ta tambaye ni wane ne mai kwat a hoto. Na ce maigadina ne."

Har aka watse biki, dattijon coci ne ke ɗebo ruwan wanka, yana wanke mota, yana buɗe get da "Sannu da zuwa, Madam." Aka ɗaura aure lafiya. Ranar tafiya uwar amarya ta miƙa masa tsohuwar rigar mijinta, ta ce wa Alhaji, "Ka riƙe tsohon nan da kyau, yana da ladabi." Ya karɓa da hannu biyu. Magdalene tana leƙe ta katanga, dariya har ta zauna a ƙasa.

Gargaɗi

Alkawarina baƙi su zo, ban ce gidanka za su kwana ba. In dattawan coci suka kira ka, ko baƙo ya bi ka da taɓarya, ban san ka ba, ban taɓa jin sunanka ba. Kuma ba kowane maƙwabci ne zai tsaya a maigadi ba. Wani 'yan sanda zai kira.