Birgadiye Mai Sasanta Layi

Allah ya yi wa layinmu na Zango gata da ya ba shi Alhaji Alkasum. Shekara talatin ya yi yana aikin duwan, wato kwastan, a kan iyaka, ya dawo Damagaram da tumbi, da usur, da suna Birgadiye. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya dube ka kamar ka ɓoye kaya a cikin riga.

Kafin zuwansa layin yana cikin duhun jahilci. 'Yan ɗariƙa na Liman Mahamud suna zikirinsu ranar Juma'a. Malam Sulaiman na Izala yana wa'azinsa a ɗaya bakin layin. Madam Selestin, 'yar Togo mai sayar da shinkafa, tana tafiya coci ran Lahadi, ta ci naman layyar kowa, kowa ya ci tuwon Kirsimetinta. Haka suke zaune, ba takarda, ba hatimi, ba shugaba. Birgadiye ya ga wannan haɗari, hankalinsa ya tashi.

Nan da nan ya kafa Komitin Zaman Lafiya, ya zaɓi kansa shugaba ba hamayya, ya buɗe biro, wato ofis, a zaurensa. Abu ɗaya ya rage, rigima. Sai ya fita nemanta.

Ya tsare Malam Sulaiman ya tambaye shi ko lasifikar zikiri ba ta damunsa. Malam ya ce wani lokaci takan ɗan yi ƙara. Kafin magariba Liman ya ji wai Izala sun rantse za su sauke ta. Liman ya ce Allah ya shirya. Wannan ma Birgadiye ya kai, ya ƙara mata gishiri. Madam kuwa ya ba ta shawara ta rage fara'a, lokaci ya canza.

Cikin sati guda aiki ya yi kyau. Liman da Malam suka daina gaisawa. Matasa suka fara harare-harare a teburin mai shayi. Matan 'yan ɗariƙa suka ƙi zuwa sunan jikar Malam.

Sai ya kira babban taron sulhu. Ya tare hanya da igiya, 'yan kabu-kabu suna zagi suna kewayawa. Ya aro bencina da kujera mai hannu wurin Madam, ya hau, ya busa usur.

"Jama'a! Ba don ni ba, da yanzu layin nan toka ne! Ni da na tsare iyakar ƙasa biyu, ƙaramin layi zai gagare ni?"

Kuskurensa ɗaya, ya zaunar da Liman da Malam a benci guda. Jawabi ya yi tsawo, gajiya ta sa suka fara raɗa.

"Wa ya ce maka na ce haka?" in ji Liman.

"Shi. Kai fa?"

"Shi."

Ana kiran la'asar Liman ya miƙa wa Malam butarsa, jama'a suka watse, Birgadiye yana shafi na huɗu cikin tara na jawabinsa. Madam ta kwashe bencinanta, ta zo karɓar kujerarta, ta tsaya a kansa, ta kira shi da Faransanci.

"Mushe, tashi. Masu cin abinci suna jira."

Har yau yana faɗa a kasuwa cewa shi ya haɗa kan Zango, kuma ba a yi masa musu. In ya ɓullo daga kwana, ɗan Izala da ɗan ɗariƙa da Kirista tare suke tsallaka titi su kauce masa.