Sabbin Tayoyi a Gidan Gaba

Wani ne a wajenmu, can ƙasar Gwiwa. Kada ku tambaye ni sunansa, don in na faɗa, rabin majalisar nan danginsa ne, ni ma ban tsira ba. Ai kun san halinmu. In mutum ya sayi sabon takalmi, ratayawa yake a kafaɗa ya yi ta taka ƙaya da ƙafarsa, sai ya hango gari sannan ya zauna ya saka.

To bawan Allahn nan yana da wata akwalar mota da yake jigilar fasinja zuwa Kazaure. Ita ce cinsa, ita ce shansa. Tayoyinta kuwa sun suɗe sumul kamar bayan ƙwarya.

Ran nan wani jami'in kiyaye haɗurra ya tare shi a shingen shiga Kazaure. Ya durƙusa gaban taya, ya zaro tsinken ashana daga aljihu.

"Malam, ka ga wannan? In na soka shi a zanen taya, dole kan ashanar ya nutse. In bai nutse ba, taya ta gama aiki. To nuna min inda zan soka."

Mutumin ya shafa nan, ya shafa can, ya leƙa ta ƙasa.

"Yallaɓai, wallahi akwai zane. A bara na gan shi da idona."

"Zanen nan shi ke riƙe kwalta in an yi ruwa, ga shi damina ta kankama. Yau na ƙyale ka. In na sake kama ka a kan waɗannan, motar nan a ofishinmu za ta zauna, kai kuma ka koma gida a ƙafa."

Mutumin ya ja akwalarsa ya bar wajen. Ya je gida ya kama ɗan maraƙinsa ya sayar, ya wuce Roni wajen Na'Allah mai faci, ya sayi tayoyi huɗu sabbi fil, har da ledarsu. Na'Allah ya jawo jak zai ɗaga mota.

"Kai, kai, kai! Me za ka yi?"

"Saka maka zan yi mana."

"A wannan hanyar tamu? Duk tsakuwa da ƙaya? Na'Allah, ashe ba ka ƙaunata! Maraƙi sukutum zan goga a ƙasa? Loda min su a ciki. In na hango shingen, sai in tsaya in saka."

Na'Allah ya dube shi, ya dubi sama, ya ce, "Allah Ya kyauta."

Washegari matarsa Kaltume za ta je barkar haihuwa Kazaure. Ta ci ado, ta buɗe gidan gaba, sai ta tarar da taya a zaune, an ɗaura mata bel.

"Malam, mene ne haka? Ni a ina zan zauna?"

"Koma baya ki riƙe min sauran. Ki kula kada awarwaronki ya karce su."

Haka aka kama hanya, Kaltume a matse tsakanin tayoyi biyu, ta uku a cinyarta, tana ta tsaki. Shi kuwa in ya faɗa rami sai ya dafa ta gaban ya ce, "Sannu."

Suna hawa kwalta hadari ya haɗo, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Can ya hango shingen.

"Yauwa, nan ne. Bari in tsaya mu saka."

Ya taka birki. Mota ta ce ba da ita ake ba. Ya sake takawa har ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya murɗa sitiyari hagu, mota ta yi dama. Kaltume ta kama salati. Suuu, suka sulale ta gaban shingen a karkace, har mutumin ya samu damar ɗaga wa jami'in hannu. Sai ji kake tsundum, cikin wani kududdufi a gefen titi.

Allah Ya tsare, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Jami'in ya sheƙo a guje, shi ne dai na rannan. Ya tarar da Kaltume ta fito da kanta, laka har gwiwa, tana matse mayafi. Maigidan kuwa yana fitowa da taya a ka, a hankali, ya ɗora ta kan tudu ya koma ɗauko ta biyu.

"Kai ne? Ban hana ka hawa titi da waɗancan ba?"

"Yallaɓai, ai na saya! Ga su nan. Soka ashanarka ka gani."

Jami'in ya soka, tsinke ya nutse har rabi. Ya dubi tayar, ya dubi motar da ke tsamo-tsamo a ruwa, ya riƙe baki.

"Miƙo makulli. In an jawo ta, ofis za ta. Amma don girman Allah gaya min, kana da irin waɗannan, me ya hana ka saka su tun daga gida?"

Mutumin ya nuna kududdufin da hannu biyu.

"Haba Yallaɓai! Dubi fa inda muka faɗa. Da na saka su, ai da yanzu duk sun ɓaci da laka!"